Zauren Kwamfuta: Na Sauya Faifan, Amma Windows Ta Ƙi Tashi

Wasiƙun da suka shigo wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya: yadda za a ɗauke kwamfutar nan ta cikin kwamfuta, wadda 'yan sana'a ke kira VM, daga wata manhaja a kai ta wata. Ban yi mamaki ba. Tun da kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a watan Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin nan na saya-ka-mallaka, ya mayar da komai biyan shekara-shekara. Da dala ake biya, mu kuwa kowa ya san halin da naira take ciki. Shi ya sa ƙananan ofisoshi da makarantu suka shiga neman mafita. Na tsamo biyar daga cikin wasiƙun, na taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi. Muna da saba guda mai ɗauke da VMware ESXi, manhajar da ke gudanar da VM, a cikinta akwai Windows Server da manhajar da muke karɓar kuɗin makaranta da ita. Mai makarantar ya ce ba zai ƙara biyan lasisi ba, sai na ɗora Proxmox, wata manhaja mai aiki irin na ESXi, a wata na'urar, na kwafo fayil ɗin vmdk, na mayar da shi qcow2 kamar yadda na gani a YouTube. Ina kunnawa sai allo ya yi shuɗi, ya rubuta INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ta mutu, ta sake tashi, haka dai ba iyaka. Don Allah na lalata bayanan ne? Saura mako biyu a dawo hutu.
Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ba ka lalata komai ba. Shuɗin allon nan ma albishir ne. Kafin Windows ta kai ga yi maka wannan ƙorafi, sai da na'urar ta gano faifan, ta karanta farkonsa, ta fara loda Windows ɗin. Da sauyin ne ya ɓaci, ko nan ba za ka kai ba.

Bari mu fara daga tushe, domin sauran amsoshin duk a kansa za su hau. Faifan VM fayil ne kawai. A cikinsa akwai duk abin da faifan gaske ke ɗauke da shi, daga gidan farko zuwa na ƙarshe. Kowane kamfani ya ƙirƙiri tasa hanyar naɗe shi: VMware na da vmdk, VirtualBox na da vdi, Microsoft na da vhd da vhdx, QEMU da KVM kuma, waɗanda Proxmox ke tafiya a kansu, suna da qcow2. Akwai kuma raw, wanda ba shi da naɗi ko kaɗan. Manhajar qemu-img, wadda ta zo tare da QEMU da Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya fara a 2003, tana karanta dukkansu, tana kuma rubuta su. Abin da ka buga ba zai wuce wannan ba:

qemu-img convert -p -f vmdk -O qcow2 makaranta.vmdk makaranta.qcow2

Umarnin nan naɗin kawai yake canzawa. Ba ya taɓa ko harafi ɗaya na abin da ke ciki, kuma tsohon fayil ɗin karanta shi kawai yake yi. To a nan matsalar take. Windows ɗin da ke ciki ba ta san an yi ƙaura da ita ba. Kamar ɗan haya ne ya kwanta barci a ɗakinsa, aka ɗauke shi da gadonsa aka kai wani gida, ya farka ya zaro makullinsa na da, ƙofa ta ƙi buɗuwa. A VMware tana magana da faifanta ta hanyar LSI Logic SAS ko PVSCSI, direbobinsu, wato ƙananan manhajojin da ke sa ta gane kayan na'ura, su take lodawa tun tana tashi. Kai kuma, ina kyautata zato, ka haɗa mata faifan ta VirtIO, wanda Windows ba ta zuwa da direbansa. Ta tashi rabi, ta nemi faifan da take tsaye a kai, ba ta gan shi ba. A tsofaffin Windows lambar wannan kuskure 0x0000007B ce.

Ga yadda nake yi. Kashe VM ɗin. A shafin kayan na'urar a Proxmox, cire faifan. Kada ka ji tsoro, ba gogewa ba ne, zai koma ƙasa a matsayin faifan da ba a amfani da shi. Danna shi sau biyu, ka sake haɗa shi, amma wannan karon ta SATA. Kowace Windows ta zamani ta san SATA. Sai ka je jerin abin da na'ura ke tashi da shi, ka sa masa alama, domin Proxmox kan cire shi daga jerin da zarar ka cire faifan, mutane da yawa kuwa a nan suke sake rikicewa. Kunna. In Allah ya so za ka ga allon shiga.

Za ka iya barin ta a haka ta yi aiki, amma SATA na kwaikwayo yana da nauyi, ranar da iyaye suka yi layi a ofishin kuɗi za ka ji a jikinka. Don haka ka sauko da faifan direbobin da ake kira virtio-win, wanda Red Hat ke fitarwa kyauta, ka saka shi a matsayin CD. Daga nan sai dabarar da ta fi komai muhimmanci: ka ƙara wani ɗan ƙaramin faifai na gigabayit 1, fanko, ka haɗa shi ta SCSI tare da zaɓar VirtIO SCSI. Windows za ta ga baƙon abu, ka ba ta direbansa daga CD ɗin. Amfanin ɗan faifan nan shi ne ya tilasta mata ta ɗora direban, ta kuma sa shi cikin waɗanda take lodawa tun daga farkon tashi. Idan ka girka direban kawai ba tare da ta ga na'urar da ke buƙatarsa ba, sau da yawa shuɗin allon zai dawo. Da ta karɓa, kashe ta, goge ɗan faifan, mayar da babban zuwa SCSI, gyara jerin tashi, kunna.

Yanzu ga abin da ya fi shuɗin allo haɗari, don shi ba ya ihu. Ka koma foldar VM ɗin a tsohuwar sabar ka duba da kyau. A ESXi faifai ɗaya fayil biyu ne: makaranta.vmdk, ɗan rubutu ne da bai kai kilobayit biyu ba, da makaranta-flat.vmdk, inda ainihin bayanan suke. Idan kuma ka ga wani mai suna makaranta-000001.vmdk, to wani ya taɓa ɗaukar sinafshot, wato hoton halin da VM take ciki a wani lokaci don a iya komawa gare shi, ya manta da shi. Daga ranar da aka ɗauki sinafshot, babban faifan ya daskare, duk sabon abu a cikin mai lambar nan ake rubuta shi. Na taɓa zuwa wani ofis da aka yi ƙaura lafiya lau, Windows ta tashi, kowa ya yi hamdala, sai da akanta ya buɗe littafin kuɗi ya ga rasit na ƙarshe na bara ne. Babban faifan kawai suka sauya, suka bar mai lambar a baya. Saboda haka da zarar taka ta tashi, kafin ka yi murna, kira akantan makarantar ya duba maka kuɗi na ƙarshe da aka biya kafin hutu. In akwai giɓi, koma ESXi, ka goge dukkan sinafshot ta cikin manhajar, wanda hakan ke narkar da su cikin babban faifan, sannan ka sake sauyin. Kada ka goge fayil ɗin mai lamba da hannu.

Saura ƙananan abubuwa. Katin sadarwa ya canza, don haka adireshin IP da ka sa da hannu yana maƙale a jikin tsohon katin da babu shi yanzu. Sai ka sake sa shi a sabon, Windows za ta yi ƙorafin cewa wani kati na riƙe da shi, ka amsa mata ta cire. VMware Tools kuwa, wato ƙunshin direbobin VMware da ke cikin Windows ɗin, tun a tsohon gida ya kamata a cire shi, domin a sabon wuri manhajar cire shi takan ƙi aiki. Windows na iya neman a sake tabbatar da lasisinta. Wasu manhajojin kuɗi ma da lambar MAC ta katin sadarwa suke ɗaure lasisinsu. Ta VMware takan fara da 00:50:56 ko 00:0C:29. Kwafe ta ka sa a sabon katin, amma fa kada ka kunna tsohuwa da sabuwa lokaci guda a layi ɗaya.

Da ka tambaye ni kafin ka fara, da na ce ka duba lambar Proxmox ɗinka. Daga 8.2, wadda ta fito a watan Afrilun 2024, kamfanin Proxmox da ke Biyana ta ƙasar Ostiriya ya sa wata hanya da ke haɗuwa da ESXi kai tsaye ta janyo VM ɗin gaba ɗaya, har da yawan ƙwaƙwalwa da katin sadarwa. Tana rage wahala sosai, sai dai maganar direbobin Windows tana nan a wuyanka. Ita kuma tsohuwar sabar, kashe ta ka rufe, kada ka bari mai makaranta ya sayar ko a goge ta sai an gama zango guda cur a kan sabuwar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, muna kwas ɗin tsaron intanet. Malaminmu ya ba mu fayil biyu, ɗaya ova ɗaya vmdk na Metasploitable, ya ce mu yi gwaji. Ni VirtualBox gare ni, shin sai na mayar da su vdi? Ƙawata kuma MacBook M1 gare ta, ta sauya nata har kala uku bai tashi ba.
Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa. Ke dai ba ki da aiki. VirtualBox yana karanta vmdk da vhd kamar yadda yake karanta nasa vdi. Ki buɗe sabuwar VM, ki zaɓi Linux, da aka zo maganar faifai ki ce kina da shi, ki nuna masa vmdk ɗin. Shi ke nan. Mutane na ɓata dare guda suna sauya abin da ba ya buƙatar sauyi.

Shi kuwa ova ba faifai ba ne, ƙunshi ne. In kika kwance shi da tar ko 7-Zip za ki ga abu uku: fayil ɗin ovf mai bayanin na'urar, wato ƙwaƙwalwa nawa, kati wane iri, ɗan fayil ɗin mf mai lambobin tantancewa, sai faifan kansa, wanda galibi vmdk ne. Ƙungiyar DMTF ce ta tsara shi don kamfanoni su riƙa karɓar kayan juna. A VirtualBox ki danna shi sau biyu kawai, zai shigo da komai. Gargaɗi ɗaya: Metasploitable da gangan aka cika shi da ramuka don a koyi kutse. Ki sa katin sadarwarsa a Host-only, wato ya yi magana da kwamfutarki kawai, kada ki bar shi a buɗe a kan wayafai ɗin hostel.

Idan wata rana kika kwafi vdi da hannu kika nemi haɗa shi, VirtualBox ya ce akwai faifai mai wannan UUID, ba lalacewa ya yi ba. Kowane faifai na da lambar shaida, kwafin kuma ya zo da ta uwarsa. Ki buga VBoxManage internalcommands sethduuid sannan sunan fayil ɗin, zai ba shi sabuwa.

Ƙawarki kuwa ki ce mata ta huta, ko kala goma ta sauya ba zai tashi yadda take so ba. Matsalarta ba a faifai take ba, a ƙwaƙwalwar na'urar take. Tun watan Nuwamban 2020 da Apple ya fito da M1, kwamfutocinsa suka bar Intel suka koma tsarin ARM. Abin da ke cikin faifan malaminku an rubuta shi ne da umarnin da Intel da AMD ke ganewa. Babu wani qemu-img da zai fassara wannan. VMware Fusion da VirtualBox na sabbin Mac tsarin ARM kawai suke tayarwa.

Hanya biyu gare ta. Kali Linux, wanda ake gwajin kutse da shi, yana da nau'in ARM64, ta sauko da shi, zai yi gudu sosai. Metasploitable 2 kuwa tsoho ne, a kan Ubuntu 8.04 aka gina shi, ba shi da nauyi, ba shi da allon hoto. Ta ɗora manhajar UTM, wadda QEMU ce a ƙarƙashinta, ta zaɓi kwaikwayon Intel, ta mayar da vmdk ɗin qcow2, ta haɗa shi ta IDE. Zai yi tafiyar hawainiya, amma don gwajin aji ya wadatar. Abin da ba zan ba ta shawara ba shi ne ta gwada haka da Windows mai nauyi. Gara ta ari laftof ɗinki.

TAMBAYA: Malam, VM ɗina gigabayit 18 ne a VirtualBox. Na sauya shi zuwa raw don in kai wa abokina, sai ya zama 200. Filashina ma ya ƙi karɓa, yana cewa fayil ya yi girma, alhali ko na 18 ɗin ma haka ya ce, kuma filashin 64 ne. Ina 182 ɗin suka fito?
Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Ba su fito daga ko'ina ba, sifiri ne zalla. Ranar da ka ƙirƙiri VM ɗin ka ce faifanta 200 ne. VirtualBox ya yi mata alkawarin 200, amma a zahiri abin da ta rubuta kawai yake ajiyewa, fayil ɗin na girma a hankali. Haka vdi da vmdk da vhdx da qcow2 duk suke iya yi. Raw bai san wannan wayon ba, gida-gida yake shimfiɗa faifan, har da inda ba a taɓa rubuta komai ba. Buga qemu-img info da sunan fayil ɗin, za ka ga layi biyu, ɗaya girman da aka yi alkawari, ɗaya wurin da ya ci da gaske. A kan Linux raw ɗin ma kan yi rangwame, domin tsarin ajiyarta na tsallake guraben sifiri. Amma kana kwafe shi zuwa filashi sai ya kumbura ya cika girmansa.

Ƙin da filashin ya yi kuwa wata magana ce daban. Yawancin filashi da FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4, ko da filashin na 64 ne. Kwashe abin da ke ciki ka goge shi da exFAT ko NTFS. In ba ka son gogewa, vmdk na da wani nau'i da ke yanka faifan gunduwa-gunduwa, kowace kimanin gigabayit 2:

qemu-img convert -p -O vmdk -o subformat=twoGbMaxExtentSparse nawa.vdi nawa.vmdk

Za ka samu nawa.vmdk da 'yan'uwansa nawa-s001.vmdk, nawa-s002.vmdk, har ƙarshe. Dole su yi tafiya tare a folda ɗaya. Guda ya ɓata, duk sun tashi aiki.

Tunda ka taɓo maganar girma, bari in ƙara maka abin da ba ka tambaya ba. Faifan VM ba ya ramewa don ka goge fayiloli a ciki. Gogewa sunan kawai take cirewa, bayanan na nan kwance, mai sauyawa kuma zai kwashe su duka. Kafin ka sauya, idan Windows ce a ciki, ka gudanar da sdelete -z c: daga kayan Sysinternals, ya cike guraben da sifiri. Sannan ka kashe ta, ka sauya zuwa qcow2 tare da ƙara -c don a matse. Ga wanda zai tura fayil ta intanet da datar da ya saya da kuɗinsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kuma don Allah, filashin kasuwa ba abin yarda ba ne. Akwai masu rubutun 64 a jiki alhali cikinsu bai kai haka ba, suna karɓar fayil ba musu, su lalata shi shiru. Ka buga sha256sum a kan fayil ɗin kafin kwafi, abokinka ya buga bayan kwafi, ku gwada lambobin. A Windows umarnin Get-FileHash ne. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauyi, goge rabin da ya fito ka sake daga farko. Na asalin ba abin da ya same shi.

TAMBAYA: Injiniya, a wurin aikinmu an ce mu koma Hyper-V, manhajar VM ta Microsoft, tunda muna da lasisin Windows Server. Na mayar da faifan Linux ɗinmu guda biyu vhdx. Na farko ya ce babu abin da zai tashi da shi. Na sake ƙirƙirar VM ɗin, yanzu yana tashi amma ya tsaya a baƙin allo mai rubutun dracut. Na biyun, Ubuntu, ya tashi amma babu intanet.
Daga wani mai karatu a Abuja.

AMSA: Cuta uku ka haɗa a wasiƙa ɗaya, kowace da maganinta.

Ta farko, hanyar tashi. Kwamfuta na tashi ne ko ta tsohuwar hanyar BIOS ko ta UEFI, faifan da aka girka ta ɗaya kuwa ba ya tashi ta ɗayar. A Hyper-V, Generation 1 shi ne BIOS, Generation 2 shi ne UEFI, kuma in ka zaɓa ba a canzawa sai dai ka sake ƙirƙira, kamar yadda ka yi. Hanyar ganewa tun kafin ƙaura: buɗe fayil ɗin vmx na VMware da Notepad, in ka ga layin firmware = "efi" to UEFI ce. A cikin Linux kuma, in foldar /sys/firmware/efi tana nan, UEFI ce. Idan Generation 2 ka zaɓa wa Linux, ka shiga saitin Secure Boot ka canza shi zuwa Microsoft UEFI Certificate Authority, ko ka kashe shi, in ba haka ba zai ƙi ta. Masu Proxmox, wannan zaɓin a wurinku shi ne SeaBIOS ko OVMF.

Ta biyu, dracut, manhajar da ke haɗa wa Linux direbobin tashi. Wannan ƙanwar shuɗin allon mutumin Kaduna ce. Dangin Red Hat, irin su CentOS da Rocky da Alma, suna haɗa ɗan ƙunshin direbobin da suke tashi da shi daidai da na'urar da aka girka su a kai. Naka na VMware kawai ya sani. A jerin da ke fitowa da farkon tashi akwai zaɓi mai kalmar rescue, wanda ke ɗauke da direbobi masu yawa. Shiga ta nan, ka buga dracut --force --regenerate-all, ka sake kunnawa. Wanda bai riga ya yi ƙaura ba, ya fi masa sauƙi ya ƙara hv_vmbus da hv_storvsc da hv_netvsc tun a tsohon wuri. Ka kuma leƙa /etc/fstab. In an rubuta faifai da suna irin /dev/sdb1, mayar da shi UUID, domin sunaye na canzawa. A KVM ma sda kan koma vda.

Ta uku ita ce mafi sauƙi. Sunan katin sadarwa ne ya canza. A ESXi yakan zama ens160 ko ens192, a VirtualBox enp0s3, a Proxmox ens18, a Hyper-V kuwa eth0. Buga ip a ka ga sabon sunan, ka gyara shi a fayil ɗin da ke cikin /etc/netplan, ka buga netplan apply.

Tunda kuna gidan Microsoft, wata rana za a ce ku hau Azure, wato sabobin Microsoft da ake haya ta intanet. Ka riƙe wannan: tsohon vhd, wanda Microsoft ya gada daga kamfanin Connectix da ya sayi Virtual PC a hannunsa a 2003, bai wuce gigabayit 2040 ba, vhdx da ya zo da Windows Server 2012 yana kaiwa terabayit 64, kuma ya fi jure ɗaukewar wuta. Duk da haka, in za ka ɗora faifai da hannu zuwa Azure, vhd mai tsayayyen girma ake nema, girman kuma ya zama cikakkun megabayit ba ɓurɓushi. A qemu-img sunansa vpc ne, ba vhd ba, sai ka rubuta -O vpc -o subformat=fixed,force_size. In daga vhdx za ka taso, umarnin Convert-VHD na PowerShell ya fi tsafta.

Wanda zai koma KVM da VM masu yawa kuwa, ya nemi virt-v2v na Red Hat. Shi ba naɗi kawai yake canzawa ba, yana shiga cikin faifan ya sa direbobi, ya gyara hanyar tashi. Inda yake aiki, na fi son sa a kan yi da hannu.

TAMBAYA: Baba yana da tsohuwar kwamfutar tebur a shagonsa mai Windows 7, a cikinta akwai manhajar lissafin kaya da wanda ya rubuta ta ya bar garin. Fankarta ta fara ƙara. Za a iya mayar da ita VM kafin ta mutu?
Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Za a iya, ƙanena, kuma gara yau da gobe. Allah ya yi maka albarka da ka kula. Nemi Disk2vhd, ƙaramar manhaja ce ta kyauta daga Sysinternals na Microsoft, ba a ma girka ta. Tana ɗaukar hoton faifan Windows na kunne. Rufe manhajar lissafin tukuna, ka sa faifan waje, ka ce a can za a ajiye. Ka tabbata ka zaɓi ɗan ƙaramin yankin nan mai suna System Reserved tare da C, in babu shi ba za ta tashi ba. In a VirtualBox za ka kunna, cire alamar vhdx don ya fitar da vhd. In ta yi shuɗin allo a SATA, gwada IDE. Tsofaffin kwamfutoci da yawa a haka aka girka su.

Ka duba bayan kwamfutar ko akwai wani ɗan abu kamar filashi da ba a taɓa cirewa ba. In akwai, makullin manhajar ne, sai ka miƙa wa VM ɗin shi ta USB. Windows ɗin da ta zo tare da na'ura lasisinta na jikin na'urar, don haka tana iya cewa ba ta gane sabon wurin ba. Microsoft ya daina ba Windows 7 kariya tun watan Janairun 2020, saboda haka ka cire wa VM ɗin katin sadarwa gaba ɗaya, lissafin shago ba ya buƙatar intanet. Mai sabuwar kwamfuta da ke da BitLocker kuwa, wato makullin da Windows ke rufe faifai da shi, ya kwance shi gaba ɗaya kafin ya ɗauki hoton, ya kuma rubuta lambobin ceto 48 ɗin nan a takarda.

Idan hoton ya kammala, za ka so ka buɗe shi a kan kwamfutar Baba don ka ga ko komai ya shiga. Kada ka yi. Windows za ta ga faifai biyu masu lambar shaida ɗaya, ta canza wa sabon tasa, daga nan kuma ba zai tashi ba sai an yi masa gyara. Cire faifan wajen, ka kai shi wata kwamfutar, ka yi kwafi na biyu, ka gwada a kan kwafin. Ka sa Baba ya buɗe manhajar da kansa ya nemo kayan da ya sayar jiya.